Shafin Malam Dahiru a Shekarar Fari

Jiya da hantsi wasu samari uku sunka shigo shagona a Sabon Birni, ɗayansu ya miƙo mani waya yana murmushi. Ya ce, "Baba Garba, ka ga na buɗe bulog. Minti biyar bai cika ba." Na karɓa na duba. Ya buɗe ɗin kam. Ya sa hotonshi da tabarau, ya sa suna, ya rubuta layi biyu. Na ce da shi, lambar wayar wa ka ba su? Ya ce ta abokinshi, don tashi ba caji lokacin. Na ce, kalmar sirrin fa, ina ka aje ta? Ya nuna kanshi da yatsa. Sai na ce su jawo benci, don maganar ba ta tsaye ba ce. Abin da na gaya masu shi nike rubutawa nan, saboda 'yan'uwansu masu irin tunaninsu.

Ni ban fara da intanet ba. Da tafireta na fara, ina buga wa mutane takardar koke da ta cinikin gona a gindin wata bishiyar bedi. Da kwamfuta ta kashe kasuwar tafireta, sai na tattara na tafi Sakkwato, na zauna shekara biyu a shagon wata mata, Malama Balkisu, mai gidan intanet. Ina da mata da 'ya'ya lokacin, kuma na girme ta, amma wata uku na yi ba ta bar ni na taɓa komai ba sai goge ƙura, da haɗa wayoyi, da zuba wa janareta mai. Ranar da ta fara ba ni aiki na gaske, ta sa na gina shafi a kan wata tsohuwar kwamfuta. Kwana huɗu ina fama. Da na gama na kira ta, ta duba, ta ce ya yi kyau. Ina tsaye ta danna abu biyu ta goge shi duka.

Ta ce, "To, Malam Garba, maido shi."

Na ce, "Malama, ai kin goge."

Ta ce, "Na sani. Ina kwafinka?"

Ba ni da kwafi. Na sake kwana huɗu. Ta sake gogewa. A karo na biyun kam na zaro falas, ɗan abin nan da na aje kwafi ciki, daga aljihu, cikin rabin awa shafin ya dawo. Ba ta yaba mani ba, ta dai ce gobe in zo da wuri akwai aikin wata makaranta.

Da na dawo gida na buɗe shago, kayan aikina ba su da yawa, har yau ma ba su ƙaru sosai ba. Laftof guda, firinta, farantin sola da batirinshi, falas biyu waɗanda ba su kwana wuri ɗaya, da ƙaramin littafi mai baƙin bango inda nike rubuta kalmomin sirri. Sai wata doguwar gora. Samari kan yi dariya in sun gan ta, amma gorar nan ta fi laftof ɗin wahala. A kanta nike ɗaure modem in ɗaga sama in sabis ya yi rauni, kuma a ƙasarmu rauninshi ya fi ƙarfinshi yawa.

Duk wanda ya zo wurina neman shafi, hanya biyu ke gabanshi. Ta farko, ka je wurin manyan kamfanonin nan masu ba da wuri kyauta. Ka ba su suna da lambar waya, su buɗe maka, su ne da tsaro, su ne da gyara, kai naka rubutu kawai. Amma wurin nasu ne, dokar tasu ce, in sun rufe ba ka da wanda za ka kama. Ta biyu, ka sayi sunan shafinka, ka kama hayar wuri a babbar kwamfutar masu ajiya, ka girka manhajar da hannunka. Nan komai naka ne, har da ciwon kai. Kai za ka biya duk shekara, kai za ka sabunta, kai za ka yi gadi.

Wata Hajiya Asabe daga Bafarawa, mai saida tabarmi da faifai, ta taɓa zuwa da kuɗi ƙulle a bakin zane, ta ce shafi na kanta take so, don ta ji wata a Gusau ta yi. Na tambaye ta abin da za ta riƙa sawa. Hoton kaya ne da lambar waya. Na ce, "Hajiya, in shafin ya ɓace gobe, mi kika rasa?" Ta yi tunani ta ce, "Sai in sake ɗaukar hoton, ai tabarmin na nan." Na ce to ta maida kuɗinta, na buɗe mata na kyauta. Ta fita tana ganin na raina ta. Shekara nawa ke nan, shafinta na nan yana kawo mata masu saye, bai taɓa ba ta matsala ba. Na faɗi wannan don kada ku ce ni maƙiyin na kyauta ne. Kuskurena shi ne akwai mutum guda da ya kamata in yi wa wannan tambaya, ban yi ba.

Malam Dahiru daga Tsamaye yake. Malamin makarantar allo ne kuma manomi, kamar yadda mahaifinshi ya kasance. Wata ranar kasuwa ya sauka daga bayan babur, ya shigo da gafaka rataye, ya zauna, munka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ya zaro wani littafi da anka ɗinke da zare, takardunshi sun yi ja. Rubutun ajami ne. Mahaifinshi ya yi shekaru yana rubuta kowane ruwan sama da ya sauka a Tsamaye: ranar da ya sauka, a wane tauraro na damina, ko ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya ko bai kai ba, wane iri anka shuka, wane ya yi, wane ya ƙi. Da tsohon ya rasu, Malam Dahiru ya ci gaba daga inda alƙalami ya tsaya.

Ya ce, "Garba, almajiraina na da da ɗiyan garinmu sun watsu ci-rani. Wasu Ikko, wasu Ibadan, wasu Fatakwal. Da damina ta kama, waya ba ta barina in karantar. Kowa tambaya ɗaya: Malam, an yi ruwa? In taho noma ko in aiko da kuɗin hatsi? Ina son wuri guda da za ni faɗi sau ɗaya kowa ya ji."

Na gaya mashi hanyoyin nan biyu. Ya ce, "Kai ka san aikin. Wanne ka gani?" Na dubi takalminshi, na dubi gafakar, na ce a raina ina malamin ƙauye zai samu kuɗin biya duk shekara. Na ce na kyauta ya isa. Na buɗe da lambar wayarshi.

Shekara biyu abin na tafiya. Duk ranar kasuwa ya zo, ya karanto ajami, ni in buga da boko. Muna sa labarin ruwa, da halin da shuka ke ciki, da farashin tiyar gero da dawa a kasuwannin kusa. Kaɗan-kaɗan munka riƙa juye tsohon littafin ma. Masu karatu sunka yawaita. Wanda bai iya boko ba, sai wani ya karanta mashi a zango ko a bakin tasha. Suna rubuto tambaya a ƙasan kowane rubutu, Malam na amsawa. Wasu na aiko hotunan gonakin iyayensu. Kamfanin kuma yana riƙe da jerin duk masu bin shafin, da mun sa sabon abu zai sanar da su. Ni ban taɓa tambayar kaina a hannun wa jerin nan yake ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwan farko ya sauka da kyau, kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro ya yi kunne biyu, sai sama ta bushe. Sati uku ba ɗigo. Shuka ta ƙone a tsaye. Anka yi wani ruwan, mutane sunka sake shuka da sauran irin da ya rage, shi ma rana ta cinye. Anka wayi gari damina ta yi nisa, gonaki fayau, rumbuna ba iri. Wanda ya sayi gero a kasuwa ya shuka, to irin da munka saba yana son kwanaki masu yawa, ruwa zai ɗauke bai nuna ba.

Ran nan Malam ya zo ba ranar kasuwa ba, ƙafafunshi sun yi fari da ƙura. Ya buɗe littafin mahaifinshi a wani wuri da ya sa tsinke. Tsohon ya ga shekara irin wannan. Ya rubuta cewa waɗanda sunka samu abin sawa a rumbu su ne waɗanda sunka shuka wani gajeren gero mai saurin nuna, kuma daga Kamarawa anka samo irin. Malam bai tsaya ga karatu ba. Ya hau babur ya bi hanyar daji har Kamarawa ta ƙasar Isa, yana tambaya gida-gida, har ya samu wani dattijo, Baba Nomau, da bai taɓa barin irin ba. Shi da maƙwabtanshi suna da shi a rumbu. Sun yarda su fitar, da sharaɗin shukawa za a yi, ba ci ba. Malam ya zo da zangarniya biyu a gafaka, gajeru, masu ƙananan ƙwayoyi a cushe.

Ya ce, "Bisa lissafin tauraro, kwana goma munka samu. Wanda ya wuce haka bai shuka ba, ya haƙura. Mutanen gida ba su da abin saye, sai ɗiyansu na waje sun aiko. Kuma ka sa hoton wagga zangarniya, don na ji 'yan kasuwa sun fara saida gero gama-gari da sunan shi ne."

Matsalar ita ce, kwana shida ke nan ƙarfen sabis ɗinmu ya mutu. Motar da ke kawo mashi mai ta daina zuwa saboda halin da hanya ke ciki. Ba kira, ba saƙo, gorata ma ba ta kamo komai. Amma mu mutanen bakin iyaka muna da dabara. Kowa na da layin Nijar a aljihu. Washegari da sassafe na ɗaure laftof a baya, na ɗauki wayar Malam da zangarniyar, na hau babur na yi arewa har wani tudu inda sabis ɗin Nijar ke kamawa. Na tarar da mutane sun fi ashirin a kai, kowa ya ɗaga waya sama. Na shimfiɗa buhu, na ɗauki hoton zangarniya, na buga saƙon Malam tsaf, na shiga shafi.

Sai kamfanin ya ce bai san wannan wuri ba. Ya ga an shigo daga wata ƙasa, yana tsoron ɓarawo ne. Ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa wayar mai shafi. Wayar mai shafi tana hannuna, layinta na Najeriya, ba sabis ko sanda ɗaya. Na sake gwadawa. Na kashe na kunna, na sake. Nan na yi kuskure na biyu, don duk gwajin da na yi ƙara tabbatar masu nike cewa ɓarawo ne. A karo na biyar sunka rubuto cewa an kulle shafin saboda abin da ba su yarda da shi ba. Na ari wayar wani bafillace da ke kusa da ni na duba adireshin kamar mai karatu. Babu komai. Rubutun shekara biyu, da tambayoyi, da amsoshi, duk an rufe.

Na wuce Tsamaye na gaya wa Malam. Yana zaune kan buzu, ya saurara har na gama. Ya ce, "Ba wanda za a je a gani?"

Na ce, "Malam, ba su da ofis a ƙasar nan da na sani."

Ya ce, "To shafin na wa ne?"

Na ce, "Nasu ne. Mu aro munka yi."

Ya ce, "Da ka gaya mani hakanan tun farko, da na saida akuya." Bai ƙara ba. Na miƙa mashi wayarshi, ya ce in tafi da ita duk inda aikin zai yiwu.

Kwana biyu sun tafi. A na uku na shiga motar Sakkwato. Muna isa inda sabis yake, wayar Malam ta fara ƙara, lambobin tabbatarwa biyar sunka shigo a jere, duk sun daɗe da mutuwa. Na cika takardar ƙorafi da Turanci a wayata tun muna cikin mota. Amsa ta zo nan take, ta na'ura ce: sun karɓa, za su duba, in yi haƙuri. Ba suna, ba lambar da za a kira.

Daga tasha na wuce shagon Malama Balkisu. Ta manyanta, ta sa gilashi, amma bakin na nan. Na faɗa mata komai. Ta ce, "Kai da na koya wa aiki ka ɗora littafin mutane a gidan da ba ka da makullinshi?" Na ce na yi. Ta ce, "Kwafi fa?" Na zaro falas. Duk rubutun da na taɓa buga wa Malam yana ciki, don ban taɓa buga komai kai tsaye a shafi ba sai na fara aje shi. Abin da babu shi ne tambayoyin mutane, da hotunan da sunka aiko, da jerin masu bi.

Ta ture mani kujera ta ce, "Zauna. Ni ba za ni taɓa maka ba."

Munka zaɓi wani kamfanin ajiya na cikin ƙasa wanda ake biya da naira, kuma yake da lambar waya da mutum ke ɗauka. Na kira don in gwada, wata mata ta ɗauka, na ce alhamdu lillahi na kashe. Na sayi suna gajere wanda ko wanda bai yi boko sosai ba zai iya bugawa. Na girka manhaja. Na so in sa ado, Malama ta ce, "Masu karatunka 'yan dako ne da masu gadi, datarsu ta naira ɗari ce. Cire." Na cire komai, na bar farin shafi da baƙin rubutu. Hoton zangarniya na matse shi har ya yi sauƙin buɗewa, amma ana ganin ƙwayar. Na sa saƙon Malam a sama: ga irin, ga kamanninshi, ga inda yake, ga wanda za a nema, ga ranar ƙarshe. Sunan shafin bai fara aiki ko'ina ba sai washegari da la'asar. Kwana huɗu ke nan.

Sabon shafi ya tashi, amma ba mai sanin adireshinshi. A tsohon wuri kamfani ke yi mana shela. A nan ba mai yi sai mu. Na buɗe wayar Malam, na bi lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ɗauka sai ya ce, "Malam, ina wuni," in ce ba Malam ba ne, Garba ne mai kwamfuta, ɗauko alƙalami. Wasu sun zaci damfara ce sunka kashe, sai na sake kira na faɗi sunan unguwarsu da na mahaifinsu. Na buga adireshin a takarda, Malama ta ba ni almakashi, na yanka ƙanana. Da safe na je tasha na bi motocin Kudu, ina ba direbobi da 'yan kamasho, ina roƙon su miƙa wa shugabannin zango. Wani direba ya karanta ya ce shi ma ɗan Isa ne, ya karɓi dami guda na takardun ya cusa a aljihu. Ranar ce ta biyar.

A rana ta shida kuɗi sunka fara isowa ta hannun direbobi. Babura sunka riƙa zirga-zirga tsakanin Tsamaye da Kamarawa da buhuna rabi-rabi. Ni kuma kullum ina kan tudun nan na bakin iyaka da laftof, ina sa abin da Malam ya aiko: yau an yi yayyafi a wuri kaza, irin Baba Nomau ya ƙare amma akwai a gidan ƙaninshi, kada a sayi wanda ake kaiwa kasuwa a baƙin buhu. Daga layin Nijar nike shiga, ba wanda ya tambaye ni daga ina nike.

Ba za ni ce maku mun ci nasara duka ba. Waɗanda sunka shuka cikin kwanakin sun samu, ba cikar rumbu ba, amma abin da ya kai su rani da ɗan dama. Waɗanda labari ya iske a makare, gero ya fitar da kai ruwa ya ɗauke, sai kara. Bayan kaka wani magidanci mai suna Sani, mai aikin gadi a Ibadan, ya shigo shagona. Ya ce, "Kai ne Garba? Kwana bakwai ina buɗe shafin Malam safe da yamma, ana ce mani babu. Na zaci wayata ce ta lalace, har na kai ta gyara." Takardata ta iske shi a rana ta goma sha biyu. Babanshi ya saida shanun huɗa biyu kafin damina ta zagayo. Bai zage ni ba. Ya ce in rubuta mashi sabon adireshin da manyan baƙaƙe, na rubuta, ya ninke ya sa a hula ya fita. Kwana biyar ɗin nan da munka rasa, ni na zaɓe su tun ranar da na dubi takalmin Malam na yanke mashi hukunci.

Tsohon shafin kuwa, sun buɗe shi bayan wata huɗu, da saƙon cewa sun duba ba su ga laifi ba. Na shiga na kwashe tambayoyi da hotuna, na bar layi ɗaya mai nuna sabon wuri.

Kada kuma ku ɗauka shafi na kanka hutu ne. Shekarar da ta biyo, ita ma ruwan bai wadata ba, na shagala da neman abinci na yi wata biyu ban sabunta manhaja ba. Wata safiya wani ya kira daga Fatakwal ya ce, "Malam ya fara tallar caca ne?" Masu kutse sun shiga sun cika shafin da tallace-tallace cikin wani harshe da ban sani ba. A gidan kyauta da ma'aikatansu sun tare wannan. A nan ni ne ma'aikacin. Na share komai, na ɗora kwafin da na ɗauka na ƙarshe, na canza duk kalmomin sirri, kafin azahar ya dawo. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan masallaci, kafin in ci abinci, sai na sabunta na ɗauki kwafi. Ga kuma ranar biyan shekara. In ta wuce ka manta, sunan zai fita daga hannunka, wani ya saye, masu karatunka su buɗe su tarar da baƙo. Na rubuta ranar a bangon shago da gawayi, na sa Malam ya rubuta a littafinshi tare da ruwan sama.

Bara idanun Malam sunka fara rauni. Wata ranar kasuwa bayan mun gama aiki bai tashi ba. Ya ce, "Garba, wancan na farko, in mun mutu yana nan har sai sun ga dama. Wanga namu fa? In na mutu, kai ma ka mutu, wa za ya biya? Wa za ya yi gadi?"

Na ce, "Ba kowa, Malam. Shekara guda zai yi ya ɓace."

Ya ce, "To ba mu gama aiki ba."

Sati na gaba ya zo da ɗiyarshi Hauwa'u, matar aure mai 'ya'ya uku, tana koyarwa a wata Islamiyya a Isa. Ta iya ajami, ta iya boko, ba ta taɓa riƙe laftof ba. Mijinta ya yarda ta riƙa zuwa duk Asabar. Wata biyar munka yi. Ta koyi bugawa, ta koyi matse hoto, ta koyi sabuntawa da ɗaukar kwafi da maido shi. Tana da taurin kai irin na masu koyarwa, ba ta barin abu sai ta san dalilinshi. Ita ta ce bai kamata a bar nauyin biya kan mutum ɗaya ba, ta rubuta wa 'yan ci-rani, sunka naɗa mutum uku a garuruwa uku masu tuna ranar. Ni ban taɓa tunanin haka ba.

Ranar Asabar ta ƙarshe munka kira kamfanin ajiya, anka maida sunan shafi da komai zuwa sunanta da lambarta. Na buɗe baƙin littafina, na yage shafin da kalmomin sirrin Malam suke, na ba ta. Ta zauna gaban laftof, mahaifinta na gefe yana faɗa mata ruwan da anka yi ranar Laraba, tana bugawa da yatsa huɗu. Ta yi kuskure biyu, na gani, na riƙe hannuna a baya har ta gano su da kanta.

Da damina ta kama bana, wata safiya na ga ta rubuta Kamarawa ba daidai ba. Na ce bari in shiga in gyara mata harafi ɗaya. Na buga kalmar sirri, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na kira ta na ce, "Hauwa'u, shafi ya ƙi buɗe mani."

Ta ce, "Na canza, Baba. Kai ka ce duk wanda ya bar aiki a canza."

Na ce, "Haka na ce."

Ta ce, "Mi za a gyara? Faɗa mani, ina riƙe da alƙalami."